FASHIN BAƘI: Ina ragowar RAM ɗin wayarka take shiga tun kafin allo ya yi haske?

Duk wanda ya taɓa sayen waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a wani shagon wayoyi, ya kuma ɗauki lokaci ya bincika cikinta, zai iya cin karo da wani abin mamaki. A jikin kwali an rubuta RAM gigabait 4, amma manhajar da ke auna kayan cikin waya ta nuna adadin da bai kai 4 ba. Haka lamarin yake a kwamfuta: a sa mata gigabait 8, ta ce abin da za a iya amfani da shi bakwai ne da 'yan kai. Da yawa sukan ɗauka cewa mai shago ne ya yi masu sakiyar da ba ruwa.

A mafi yawan lokuta mai shago ba shi da laifi a wannan giɓin. Ragowar tana tafiya ne a wani rabo da ake yi cikin daƙiƙun farko bayan an danna maɓallin kunnawa, kafin WhatsApp ko wata manhaja ta san an wayi gari. Wannan rabo yana da ƙa'ida, yana da littafin lissafi, kuma a tsarin Linux, wanda a kansa aka gina Android, kowa na iya karanta yadda ake yin sa. Sai dai akwai ɓangaren da mai waya ba ya iya leƙawa, kuma a nan tambayar ta fi nauyi.

Mene ne RAM, wa kuma ke raba shi?

Waya tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai ta dindindin, inda hotuna da bidiyo suke zama ko an kashe wayar. Akwai kuma RAM, wato faifan aiki: duk manhajar da ke gudana, a kansa take baje kayanta, kuma da zarar wuta ta yanke komai ya goge. Kowane gurbi a cikin RAM yana da lambarsa, kamar lambar gida, wadda ake kira adireshi.

Mai iko da wannan faifai shi ne kenel, wato jigon babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Kenel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, shi ne ke ƙarƙashin kowace wayar Android, har da Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion da suka cika kasuwanninmu. Idan manhaja tana son wuri a RAM, kenel take roƙa. Shi kuma yana yanka RAM gunduwa-gunduwa, kowane yanki ana kiransa shafi, kuma a galibin na'urori girman shafi bait 4,096 ne. Ke nan gigabait 4 ya ƙunshi shafuka 1,048,576.

Domin ya raba waɗannan shafuka ba tare da ya ba mutum biyu wuri ɗaya ba, dole kenel ya riƙe rajistar kowane shafi: wa ke riƙe da shi, ko yana fanko, ko an yi rubutu a kansa. A nan matsalar take. Ita kanta rajistar tana buƙatar wurin zama a cikin RAM, alhali ba a iya ba da wuri sai da rajista. Tamkar ofishin rabon filaye ne da ba shi da filin da zai gina ofishinsa, kuma babu wanda zai sa masa hannu sai shi kansa. Duk dabarun rabon farko an ƙirƙire su ne don warware wannan ƙulli.

Taswirar da kenel ke gada

Kenel ba shi ne ke fara farkawa ba. Kafin shi akwai manhajar da masu ƙera na'ura suka dasa a jikinta, wadda a kwamfuta ake kira BIOS, ko UEFI a na zamani. Ita ce ke tayar da RAM, ta gwada shi, ta ɗauki nata kason, sannan ta miƙa wa kenel taswira.

A kwamfutoci masu furosesar Intel ko AMD, sunan wannan taswira E820, lambar da ake kiran BIOS da ita don neman bayanin. Kowane layi a cikinta abu uku ne: inda yanki ya fara, tsawonsa, da matsayinsa. Wani yankin a ce ana iya amfani da shi, wani a ce an keɓe, wani a ce yana ɗauke da bayanan sarrafa wuta da za a iya karɓa daga baya, wani kuma a ce ya lalace. A wayoyi, waɗanda ke amfani da furosesar ARM, bayanin yana zuwa ne cikin wani kundi da ake kira bishiyar na'ura, wanda ke lissafa duk kayan da ke jikin wayar, yana kuma da sashe na musamman na yankunan RAM da aka keɓe.

Taswirar cike take da ramuka, kuma wasunsu tarihi ne ya haƙa su. Kwamfutar IBM ta 1981 tana amfani da furosesar Intel 8088, wadda iyakar adireshinta megabait 1 ne. Injiniyoyin IBM suka ba manhajoji kilobait 640 na farko, suka bar kilobait 384 na sama don allon nuni da BIOS. Fiye da shekara arba'in bayan haka, wannan ramin yana nan a taswirar kwamfutocin da suka gaji wancan tsari. Irin wannan dalili ne ya sa tsofaffin Windows masu bit 32 ba sa iya nuna cikakken gigabait 4 ko an sa masu shi: adireshin duka gigabait 4 ne, kuma katin hoto da sauran kayan aiki sun riga sun mamaye wani ɓangare daga sama.

Wani abin lura shi ne kenel ba ya yarda da taswirar ido rufe. An sha samun BIOS da ke yin rubutu a ƙananan adireshi bayan ta ce ta bar wa kenel su, abin da ke lalata bayanai ba tare da an ankara ba. Shekaru da dama Linux yana ƙaurace wa kilobait 64 na farko saboda haka. Daga fitowa ta 5.13 a 2021, sai aka yanke shawarar keɓe megabait 1 na farko gaba ɗaya a irin waɗannan kwamfutoci. An gwammace asarar ɗan wuri da a zauna a inda maƙwabci ke iya shigowa ba sallama.

Littafi mai shafi biyu

Mai rabon farko a Linux sunansa memblock, kuma sirrinsa sauƙi ne. Jeri biyu kawai yake riƙewa. Na farko yana lissafa duk yankunan RAM da ke akwai, kamar yadda taswira ta nuna. Na biyu yana lissafa yankunan da aka riga aka kama. Abin da ke cikin jerin farko amma ba ya cikin na biyu, shi ne fanko.

Ta yaya ya kuɓuta daga matsalar ofishin da ba shi da fili? Jerin biyu an gina su ne a cikin jikin kenel tun lokacin da ake harhaɗa shi, bisa al'ada da gurbin yankuna 128, saboda haka suna shigowa RAM tare da shi ba sai an nemi izini ba. Idan gurabun suka cika, memblock yakan nemo wa kansa wuri mai ninki biyu ta hanyar duba jerin nasa, ya kwashe bayanan zuwa can.

Abu na farko da ake rubutawa a jerin kamammu shi ne kenel ɗin kansa, don kada ya ba da wurin da yake zaune. Sai ƙaramin kundin fayilolin farawa da aka loda tare da shi, sai taswirar ko bishiyar na'ura, sai yankunan da masu ƙera na'ura suka ce kada a taɓa. Bayan haka ne sassan kenel ke fara zuwa da buƙatunsu: teburan da ke fassara adireshi, wurin aikin kowace furosesa, wurin ajiye saƙonnin kenel. Idan aka nemi wuri, memblock yakan bi jerin daga manyan adireshi zuwa ƙanana, ya ba da fanko na farko da ya isa. Yana farawa daga sama ne domin wasu tsofaffin kayan aiki ba sa iya kaiwa ga manyan adireshi, don haka ake tattalin na ƙasa saboda su.

Ba memblock ne na farko a wannan aiki ba. Tun 1999 akwai bootmem, wanda Ingo Molnar ya rubuta. Shi yana ware alama ɗaya ga kowane shafi: sifili idan fanko ne, ɗaya idan an kama. Na'ura mai gigabait 4 tana buƙatar kilobait 128 don wannan allon alamomi, kuma dole a samar masa wuri kafin a fara rabo, wato ƙullin bai gama warwarewa ba. Ga kuma jinkirin bin alamomi ɗaya bayan ɗaya a manyan na'urori. Shi kuwa memblock ya samo asali ne daga aikin Peter Bergner na kamfanin IBM a 2001, don kwamfutocin PowerPC, a ƙarƙashin sunan LMB, kafin a sauya masa suna a 2010. An shafe shekaru ana tafiya da tsarin biyu, wasu nau'o'in furosesa na wannan wasu na wancan, har sai da Mike Rapoport ya jagoranci kammala ƙaura, aka cire bootmem a fitowa ta 4.20 a watan Disambar 2018.

Su wa ke cin kason farko?

Masu bibiyar rabon arzikin ƙasa sun san cewa adadin da kwamitin FAAC ke rabawa duk wata ba shi ne jimillar abin da aka tara ba. Akan fara cire kuɗin tattarawa na hukumomin haraji, a cire kashi 13 na jihohi masu arzikin mai kamar yadda sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, sannan a raba saura. RAM ma haka yake: abin da manhajoji ke gani shi ne ragowar bayan an cire na masu kason farko.

Na farko ita ce rajistar da aka ambata. Linux yana ware bait 64 don bayanin kowane shafi mai bait 4,096, wato kashi ɗaya cikin 64, kimanin kashi 1.6 cikin ɗari na RAM. A waya mai gigabait 4, megabait 64 ke nan. A mai gigabait 8, megabait 128. A babbar kwamfutar cibiyar bayanai mai terabait 1, rajistar kaɗai tana cin gigabait 16. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake komawa ga manyan shafuka: na'urorin Apple na zamani suna amfani da shafi mai kilobait 16, kuma Android ya fara karɓar wannan girman daga Android 15.

Na biyu su ne sauran furosesoshin da ke cikin wayar. Abin da muke kira waya tarin ƙananan kwamfutoci ne a kan guntu ɗaya. Sashen da ke magana da turakun sadarwa yana da manhajarsa, haka sashen sarrafa sauti da na kyamara. Kowannensu ana yanka masa yanki daga RAM, kuma wasu yankunan ana yi masu alamar cewa kenel kada ma ya sa su a teburinsa.

Na uku shi ne sashen tsaro. Furosesar ARM tana da tsarin TrustZone, wanda ke raba na'ura gida biyu: ɓangaren da Android ke gudana, da wani killataccen ɓangare inda ake tantance zanen yatsa da adana makullan sirri. Killataccen ɓangaren yana da nasa yankin RAM da Linux ba ya iya karantawa. A kwamfuta ma BIOS tana riƙe wani ɓoyayyen yanki don kanta, kuma sashen hoto da ke haɗe da furosesar Intel yana ɗaukar wani kaso tun kafin kenel ya tashi. Masu rubuta Linux, a cikin rubutunsu, memorin da aka sace suke kiran wannan kaso.

Na huɗu aro ne, ba kyauta ba. Wasu kayan aiki, kamar kyamara, sukan buƙaci dogon yanki a jere babu tsinkewa, abin da ke da wuyar samu bayan waya ta daɗe tana aiki RAM ya kacaccala. A da akan killace masu yankin ne ya zauna banza ko ba a ɗaukar hoto. Injiniyoyin Samsung, Michał Nazarewicz da Marek Szyprowski, suka kawo tsarin CMA, wanda ya shiga Linux 3.5 a 2012: a keɓe yankin tun a farawa, amma a ara wa manhajoji shi da sharaɗin za a kwashe kayansu zuwa wani wuri duk lokacin da mai yankin ya zo.

Akwai kuma ɗan ƙaramin yanki da wayoyi da dama ke keɓewa don rubuta saƙonnin ƙarshe idan kenel ya faɗi, domin masu gyara su karanta bayan an sake kunnawa.

Miƙa mulki

Wa'adin memblock gajere ne. Da zarar an gama gina rajistar shafuka, sai ya bi jerin nasa ya miƙa duk shafin da ba a kama ba ga mai rabo na dindindin. Wannan yana aiki da dabarar tagwaye, wadda Kenneth Knowlton ya yi bayaninta a 1965: ana tara shafuka a dunƙule 1, 2, 4, 8, har zuwa 1,024, wato megabait 4. Idan an nemi ƙarami, a raba babba gida biyu. Idan tagwaye biyu suka dawo fanko, a sake haɗe su. A kansa kuma akwai wani mai rabon ƙananan abubuwa da ba su kai shafi ba, bisa dabarar da Jeff Bonwick ya ƙirƙiro wa kamfanin Sun Microsystems a 1994.

Daga nan kenel yakan rubuta layi guda a kundin saƙonninsa, mai nuna jimillar RAM, abin da ya rage, da abin da aka keɓe. A ƙarshen farawa kuma yakan goge umarnin da ba a buƙata sai a lokacin tashi, ya mayar da wurinsu cikin na jama'a. Amma abin da aka rubuta a jerin kamammu ba a sake shi ba, ya tafi ke nan har sai an sake kunna na'urar.

Me ya sa kuskure a nan ke da tsada?

Idan manhaja ta nemi wuri ta rasa, rufe ta ake yi wayar ta ci gaba. A daƙiƙun farko babu wannan sassauci. Sassan kenel da yawa, idan memblock ya kasa ba su wuri, tsayawa suke yi cak, domin babu abin da za a ci gaba da shi. Sau da yawa ko allo bai tashi ba balle a ga saƙon kuskure. Wannan ne ya sa aka bar memblock da sauƙin tsari: abin da ba shi da sarƙaƙiya ya fi wuyar karyewa.

Duniya ta ga misalin tsadar kuskuren memori a matakin kenel ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawar kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Manhajar kamfanin tana gudana a cikin kenel, tana kuma tashi da wuri. Ta yi ƙoƙarin karanta bayani a wajen iyakar wurin da aka ware mata, kwamfutoci suka riƙa faɗuwa duk lokacin da aka kunna su. Jiragen sama suka tsaya, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani, kuma da yawa sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu. Ba kuskuren rabo ba ne kai-tsaye, amma darasin ɗaya ne: a wannan matakin babu wani na sama da zai tare ɓarna.

Abin da ya shafi mai saye

Kason sashen sadarwa da na tsaro ba ya raguwa daidai da ƙanƙantar RAM, don haka ya fi yi wa ƙaramar waya nauyi. Mai gigabait 12 ba zai ji ba; mai gigabait 2, wadda ita ce talaka ke iya saye, shi ne zai ga manhajojinsa suna rufe kansu, domin Android yakan kashe waɗanda ke bayan fage idan wuri ya yi ƙaranci. Saboda irin waɗannan wayoyi Google ya fito da Android Go a 2017.

Sai kuma batun tallan da ke cewa gigabait 8 da ƙarin 8. Ƙarin ba ya cikin taswirar da kenel ke gada, kuma memblock bai san da shi ba. Ana samar da shi ne daga baya, ta hanyar aron wuri daga ma'ajiyar hotuna, wadda ba ta kusa da saurin RAM, ko ta matse bayanai a cikin RAM ɗin da ke akwai. Dabarar tana da amfaninta, amma lambar farko ita ce RAM na haƙiƙa, kuma a kanta ya kamata a yi ciniki.

Mai son ganin lissafin da idonsa yana da hanya. A Windows, shafin memori na Task Manager yana nuna abin da kayan aiki suka keɓe. A Linux da Android, layin farko na fayil ɗin /proc/meminfo yana ba da jimillar da ta rage bayan an cire na masu kason farko, kuma shi manhajojin auna waya ke karantawa. A debe shi daga abin da ke jikin kwali, an sami girman giɓin.

Sanin abin da ke cikin giɓin kuwa wani batu ne. Lasisin GPL da Linux ke kai tun 1992 ya wajabta wa duk kamfanin da ya sayar da na'ura mai ɗauke da shi ya bayar da rubutun kenel ɗin da ya yi amfani da shi, kuma kamfanoni irin su Samsung da Xiaomi da Motorola suna wallafa nasu a intanet. Daga nan mai bincike zai iya ganin sunayen yankuna da dama da girmansu. Amma manhajojin da ke gudana a sashen sadarwa da killataccen sashen tsaro ba sa ƙarƙashin wannan lasisi, kuma galibinsu a rufe suke. Ana iya sanin faɗin filin da aka ba su, ba a iya ganin abin da suke ginawa a ciki. Ga 'yan jarida da masu fafutuka da ke ajiye sirrin majiyoyinsu a waya, da kuma hukumomin da ke sayen dubban na'urori da kuɗin jama'a, wannan tambaya ce da ta cancanci a yi wa masu ƙera su kafin a biya kuɗi.